Tsummokaran da Azzuz Ya Cusa a Tafin Takalmi

Daga yayarka Mannana a Fas, zuwa ga ƙanena Abdulhaƙ a Tunis. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya kai da iyali. Mu nan lafiya lau, ciwon gwiwar Inna ma ya lafa tun da sanyi ya wuce.

To, maganar ɗanka Azzuz ce, wanda ka bar wa rumfar Baba. Tun da ya yi wata shida a birnin Garnaɗa ya dawo, ba mu huta ba. Wai ɗinkinmu na mutanen da ne, wai yanzu danƙo ake shafawa a manna. Ni da na shekara talatin ina yi wa fuskar takalmi ado da alharini, ni yake koya wa sana'a! Yaron da har yau bai iya goga wa zare kaki ba. Sai ya sayo fatar tunkiya ya rina ta ja ya ce ta akuya ce, ya yaɓa mata ruwan zinariya, tana ta walƙiya kamar abin kirki.

Ranar Juma'a wani malami ya sa takalmin da ya saya a wurin Azzuz sabo fil, ya taka ruwa a wurin alwala, tafin ya buɗe baki. Shugaban dukawa ya tara 'yan layinmu, ya sa wuƙa ya farke shi. Maimakon fata ninki uku, tsummokara ne a ciki, har da guntun tsohon wandon Azzuz. Kai, na ji kunya! Shi kuwa gogan naka ko a jikinsa, wai laifin malamin ne da ya shiga ruwa. Takalmin da ba ya son alwala a Fas, wa zai sa?

Shugaban ya ce don darajar Baba ya ba mu zuwa ƙarshen Rajab: ko baduku na gaske daga gidanmu ya zauna, ko a ba wani rumfar. Ni ba za a bar ni in zauna a kasuwa ba, ka sani. Kai kaɗai ka rage, don Allah ka taso.

Ka gaida mini matarka Ummul-Izzi da yara, su Yahlaf. Inna tana sa maka albarka. In za ka taso, kada ka kuskura ka sa takalmin da Azzuz ya aiko maka, hanyar da nisa.

Yayarka,
Mannana