Ba Zan Sake Kai Tawada Garin Kawuna Ba

Zuwa ga Mai Girma Metir, wato babban lauya, shugaban biron lauyoyin kasuwanci da nake koyon aiki ƙarƙashinsa a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan kuna lafiya, ku da iyali da dukan abokan aiki.

Ranku ya daɗe, ni ne Lawali Mamman, ɗan sitaj ɗin nan mai koyon aiki da kuka turo Tasawa. Ban ambaci sunanku ba, ko na biro, ko na kamfanin da muke ma aiki, kuma ba zan faɗi sharaɗi ko ɗaya na cikin yarjejeniya ba. Sai da na sake karanta ƙa'idar sirrin aiki kafin in ɗauki alƙalami. Na fito fili da wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa ne don na aiko maku wasiƙa huɗu, na buga waya sau goma sha ɗaya, ban samu amsa ba. Na rubuta da Hausa kuma don akwai mutum hamsin da takwas da ke shakkar ko na taɓa kai maku maganarsu, ina so a karanta masu su ji.

1. Kun ɗauke ni aiki a watan Oktoba. Sau ɗaya na zauna gabanku, wajen minti ashirin. Mako uku bayan haka aka ce in taho nan, tunda ni ɗan Bawdeta ne, na san mutane, na san hanya. Na yi murna, ban ɓoye ba. Ɗaki ɗaya aka kama mani bayan wani kantin kayan moto, wato babur, tebur ɗaya, kujera biyu. Wata takwas ke nan babu wani lauya da ya leƙo. Waɗanda aka ɗauke mu tare suna Yamai, suna kukan ana tsaga masu rubutu da jan alƙalami, ana sa su sake. Ni wannan jan alƙalamin nake kwaɗayi. In tambaya ta taso mani, littattafan makaranta nake buɗewa, in ba kaina amsa, in kwana ina shakkarta.

2. Aikin da aka ba ni shi ne yarjejeniyar sayen riɗi tsakanin kamfanin da ƙungiyar manoman wani gari na ƙasar Kanan-Bakashe, cikin Mayahi: maza arba'in da ɗaya, mata goma sha bakwai. Garin mahaifiyata Hajo ne. A watan Fabrairu na je, na yi kwana biyu ina karanta masu takardar shafi-shafi da Hausa, suka yi tambayoyi, suka yarda, kowa ya dangwala babban yatsa. Na sa dosiye, wato tarin takardun, a mota zuwa Yamai. Bayan kwana goma sha tara ya dawo, da 'yar takarda manne a kai, ba sa hannun kowa, an rubuta da Faransanci cewa zanen yatsu bai fito ba, a sake.

Na fita rana na duba su ɗaya bayan ɗaya. Tara laifina ne, tawada ta yi yawa, na amsa. Sauran arba'in da tara ba laifin kowa ba ne. Rijiyar garin ta fi gaba talatin. Wanda ya tashi yana jan igiyar guga, yana riƙe da ƙotar hauya, ko mace mai daka safe da yamma, cikin yatsansu ya goge sumul kamar bayan ƙwarya. Ko sau goma aka dangwala, baƙin tabo kawai zai fito.

3. Duk da haka na bi umarni, na koma a watan Afrilu. Akwai abin da mai zama Yamai ba lalle ya sani ba. A nan magana sau ɗaya ake ɗaure ta, gaban shaidu, a shafa fatiha, a tashi. Wanda ya dawo yana neman a sake, ɗayan biyu ne: ko bai yarda da mutane ba, ko ya sauya wani abu. Ina sauka daga moto maigari ya dube ni ya ce, "Ɗan Hajo, waccan takardar akuya ta cinye ta, ko wani abu aka ƙara ciki?" Na rantse mashi ba a taɓa ko harafi ba.

Tun kafin in je na aika kowa ya kwana uku yana shafa man shanu a yatsa, ko fata ta yi laushi. Inna Rabi, tsohuwar da ta goyi uwata, ta miƙo mani nata yana ƙyalli, ta ce, "Ga shi nan, maigidana. In zanen kake nema, tashi ka duba jikin taɓarya, can na bar shi." Aka yi dariya, amma mutum bakwai suka ja baya suka ce ba su sakewa. Sai Kawu Isufu, wan mahaifiyata, ya miƙe ya ce, "Ɗan ƙanwata ne. In ya cuce ku, ni na cuce ku." Da wannan suka dangwala. Bayan kwana ashirin da uku dosiye ya dawo da irin waccan 'yar takarda.

4. A wasiƙuna ta biyu, ta uku da ta huɗu na kawo shawara. Yadda aka koya mana, in mai yarjejeniya bai iya rubutu ba, shaidu biyu masu karatu suna iya sa hannu su tabbatar shi ne, yana wurin, kuma an bayyana mashi abin da ya ɗauka. Garin na da su. Malam Sabi'u, limamin gari, yana rubuta ajami. Baba Ayuba, dattijon 'yar cocin da ke yamma da rijiya, yana karanta boko sarai. Dukansu suna da katin ɗan ƙasa, dukansu sun amsa, har Baba Ayuba ya ce shi da Liman sun daɗe suna shaidar sayen gona tare, wannan ba sabon abu ba ne. Mai yiwuwa na yi kuskure a fahimtar doka, ko kamfanin na da dalilin da ban sani ba. Sabon hannu ne ni, shi ya sa na tambaya. Amsar da nake samu wajen sakatariya ita ce kuna kotu, ko kun yi tafiya, ko za a gaya maku.

5. Talatar da ta wuce saƙo ya shigo wayata: in koma karo na uku kafin ƙarshen wata. Ruwa ya sauka, mutane suna gona suna shuka. Jiya na gamu da Kawu a tasha. Ya amsa gaisuwata a tsaye, bai tambayi aiki ba, bai ce yaushe zan zo ba. Da zai hau mota ya ce, "Lawali, bakina sau ɗaya nake ba da shi aro. Kar ka zo mana da kwalin tawadar nan." Mahaifiyata tana tsakanin wanta da ɗanta. Da na kai mata labari sai ta ce, "Shi maigidan naka, ya san da kai kuwa?"

Ranku ya daɗe, ba zan je ba. Na san nauyin wannan magana. Sa hannunku ne zai sa a lissafa mani wata takwas ɗin nan cikin horona, in kun hana, sun tafi. Ni ne na farko a gidanmu da ya kai jami'a. Amma in na je, yatsun ba za su fito ba, manoman za su janye, kamfanin ya rasa riɗi, ni kuma in rasa garin da zan je gaisuwar mutuwa a ba ni tabarma.

Don haka ina roƙonku, cikin ladabi, ku buɗe wasiƙun nan huɗu da kanku. Ku ce mani i ko a'a kan maganar shaidu, in a'a ce ku nuna mani dalili in koya. In da hali, ku turo wani babba ya zo ya ga hannuwan mutanen nan da idonsa, yini ɗaya ya isa. Kuma ku ba ni ko minti goma sha biyar a wata ta waya, in riƙa tambayar abin da ban sani ba.

Allah ya ƙara maku lafiya da basira, ya kare ku da iyalinku, ya ɗaukaka biro, ya ba mu damina mai albarka.

Ranar Litinin ina ɗakin aikina na nan Tasawa tun ƙarfe takwas na safe, waya na hannuna. In hukuncinku shi ne ku sallame ni, zan karɓa ba gardama, in mayar maku da dosiye cikakke, shafi bai ɓata ba. Abu ɗaya kawai nake roƙo: ku faɗa mani da bakinku.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Lawali Mamman
Tasawa