Injin da ya ƙi ba Clinton wuta

Mahuta, Kaduna.

Zuwa ga Kawu Dauda,

Ka yi mini gafara da na ɗauki biro na rubuto maka, alhali mota ɗaya ce tsakanin gidanmu da shagonka a Makera. Na san in na tsaya gabanka ƙasa zan yi ta kallo, ba zan iya cewa komai ba. Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Yaya Anti da yara? Yaya ciwon bayan nan? Mu muna lafiya.

Mama ta faɗa mini saƙonka, cewa in zo in duba injin kafin Asabar, ranar gasar kimiyya, domin ya ƙi ba da wuta a hannun ɗanka Clinton.

Kawu, ta bakin malamarmu na fara jin inda injin yake. Ta je taron share fagen gasar kimiyya, ta gan shi a kan tebur da sunan Clinton da na makarantarsu. Ni kuwa da na tarar da wurinsa wayam a shago, ka ce mini ka ɗauke shi ne saboda ruwan sama. Na yarda, har na gode maka.

Kai ka ba ni tsohon moton famfon nan, ka ce in na mayar da shi janareta in kai shi gasar da sunana. Duk hutun nan a kansa na ƙare. Kana nan ranar da ƙwan fitila ya kama, har ka kira maƙwabta.

Na san abin da ya faru. Clinton ya ɗauke shi kamar janaretan gida. Wancan sinkronas ne: sandar da ke juyawa a cikinsa tana da nata maganaɗisu da ake ciyarwa da wuta, kuma tana tafiya daidai da zagayen maganaɗisun wayoyin da ke gefenta, ba gaba ba baya. Namu indokshon ne, sandarsa ba ta da maganaɗisu nata, sai wanda wayoyin gefe suka jawo mata. In yana aikin moto, tana ɗan bin zagayen a baya. In ana so ya ba da wuta, dole bel ya juya ta fiye da zagayen, a kuma bar shi da kafasito kawai, wato 'yar na'urar da ke riƙe caji, har wutar ta taru, sannan a haɗa fitilu. Ina jin Clinton ya haɗa fitilun tun kafin ya tayar, suka shanye ɗan maganaɗisun da ya rage a ƙarfen. Yanzu ko ya yini yana juya shi, ba zai kama ba.

Akwai yadda ake farfaɗo da shi. Ya taɓa mutu mini haka, na tashe shi. Ban rubuta a nan ba, kuma ba zan zo ba tukuna. Ban taɓa ƙin aikenka ba. Ba na so Clinton ya ji kunya ranar Asabar, ɗan'uwana ne. Amma sunana nake so a kan teburin nan, ko da a ƙarƙashin nasa ne.

In ka amince da haka, ina roƙon izininka in sake rubuto maka, in faɗi sauran.

'Yarka,
Phoebe Shekari