Saura Ɗaya

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Mai gabatar da shirin kimiyya a rediyo ya yi kuskure biyu cikin jimla ɗaya da safiyar yau, kuma wajibi ne in gyara su ko da a nan ne. Cewa ya yi wata malamar jami'a "ta tabbatar da cewa tauraron ɗan'adam yana iya ƙirga yaran ƙauye daga sama". Na farko, tauraro ba ya ganin yaro. Rufin ɗakuna yake ɗauka a hoto. Mutane ne suke bin gidajen da ƙuri'a ta faɗa wa a ƙauyukan da ke kewaye da Zakirai, su tambayi iyaye mata, sannan a haɗa amsoshin da yawan rufin a ƙiyasta yaran yankin baki ɗaya, domin asibitoci su san maganin da za su tanada. Na biyu, ilimin ƙididdiga ba ya tabbatarwa. Ƙiyasi yake yi, sannan ya faɗi iyakar kuskurensa. Duk shekarun da na yi a sakandare ina koyar da lissafi abin da nake cusa wa ɗalibai ke nan, ga shi ɗaya daga cikinsu, ko ɗansa, ya samu makirufo.

Malamar da ake magana a kanta ta gidan nan ce. Ita ce ta fari, wadda mahaifiyata, marigayiya Inna, ta ɗauka tun daga yaye ta riƙe. Aikin digirinta na uku ne. Da aka taya ni murna a majalisa bayan la'asar, cewa na yi ban saurari shirin sosai ba. Malam Mika'ilu, abokina tun kwalejin Bici, ya yi ta ambaton sunanta yana satar kallona, don ya ga ko fuskata za ta motsa. Ba ta motsa ba.

Laraba, 9 ga Yuli

Ruwa mai kyau da hantsi. Gero ya kai gwiwa. Kunyoyin da aka yi mini a gonar gyaɗa ba su miƙe ba. Na faɗa, an ce gyaɗa ba ta damu ba.

Asabar, 19 ga Yuli

Malamar ta zo daga Kano ba tare da sanarwa ba. Ta durƙusa ta gaishe ni a zaure, na amsa, ta wuce wurin mai ɗakina, Hure. Daga yadda ta ajiye takalminta a karkace na san akwai magana.

Bayan azahar ta dawo da kanta. Ga matsalar, kamar yadda na fahimta. A kowace unguwa an yi abu biyu. Ɗalibanta sun tambayi kowace uwa yawan 'ya'yanta ƙanana. Daga baya ma'aikatan lafiya sun tara yaran unguwa a ƙofar gidan mai unguwa sun auna musu damtse don gano masu tamowa, suna tambayar kowane yaro sunan mahaifiyarsa. Da aka haɗa biyun, sai yaran da aka auna suka fi waɗanda aka haifa yawa.

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Farfesan da zai duba aikin daga wata jami'a ya rubuto cewa yaran da ba wanda ya haifa, sai dai a ce alƙalami ne ya haife su. Wato dai ana zargin ƙirƙira. An ba ta zuwa ƙarshen Agusta ta kawo bayani, in ba haka ba a watsar da bayanan a sake daga farko. Hutun karatun da aka ba ta a wurin aiki kuwa ƙarshen shekarar nan zai ƙare, ba kuma za a ƙara ba.

"Baba, ni na san ɗalibaina ba su yi ƙarya ba," in ji ta. "Amma sanina ba hujja ba ce."

Wannan jimlar daidai take. Ban faɗa mata ba. Na ce ta bar mini alƙaluman.

Lahadi, 20 ga Yuli

Ta koma. Ta bar mini takardu cikin jakar leda, ba a jera su bisa lamba ba. Na jera.

Alhamis, 24 ga Yuli

Na bi tarawa da ɗebewa duka da fensir. Babu kuskure ko ɗaya. Na yarda cewa na ɗan ji haushi, domin na so in samu wata bakwai da aka karanta ɗaya, in yi mata da'ira da jan biro, a huta.

Amma na lura da wani abu. Bambancin da ke tsakanin abin da uwa ta faɗa da abin da aka auna, ko dai babu, ko kuma yaro ɗaya ne tak. Ban ga inda ya kai biyu ba, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Maƙaryaci ba ya da irin wannan ladabin. Da ƙirƙira ce, da an ga uku a nan, biyar a can. Na sa Fatihu, ƙaninta, ya aika mata da wannan ta waya. Amsa ta dawo kafin in gama shan fura: ta gode ƙwarai, kwamfuta ta nuna mata haka tun watan jiya.

To, madalla da kwamfuta.

Juma'a, 25 ga Yuli

Bayan masallaci Mika'ilu ya ce wataƙila aljanu ne suke shiga layin awo. Na ce da aljanu ne da damtsensu bai zo daidai da na mutane ba. Ya ce ni na taɓa auna na aljani? Mutumin nan Hausa ya koyar har ya yi ritaya, amma har yau bai san inda wasa yake ƙarewa ba.

Talata, 29 ga Yuli

Zan rubuta wannan a tsanake, yadda ya faru.

Da lissafi ya ƙi nuna laifi, sai na ce bari in gwada ita tambayar kanta, kamar yadda ake gwada ma'auni kafin a zargi mai awo. Hure tana tsakar gida tana tsince zogale. Na ja kujera, na ce ta ɗauka ni ɗalibin jami'a ne.

"Da wannan furfurar?"

Na ce ta amsa kawai. "Baiwar Allah, 'ya'yanki nawa?"

"Ikon Allah. Malam, kai ba ka sani ba?"

"Ɗalibi ne ni, ban sani ba."

Ta ce ita ba ta ƙirga 'ya'ya kamar awaki. Na ce to ta faɗi sunaye, ni zan ƙirga. Ta fara: Fatihu, Tahira, Kamaruddeen, Zulfa, Auta. Ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Na rubuta biyar, na gyaɗa kai, har na fara karanto tambaya ta gaba.

Sai fensirin ya tsaya.

Na ce, "Saura fa?"

"Saura wa?"

"Wadda ta zo ran Asabar."

Ta kawar da kai, ta ja gefen mayafi. "Kai Malam. Ai wannan ta Inna ce."

Na daɗe a kan kujerar. Matar da ta haifi shida ta ce biyar, ba kuma ƙarya ta yi ba a wurinta; kunyar ɗan fari ce, wadda duk muka tashi a ciki. Uwa ba ta kama sunansa, balle ta sa shi a lissafi gaban baƙo. Sau da yawa ma yana wurin kaka, ita kuma kakar in an tambaye ta waɗanda ta haifa, ba za ta sa jika ba. Amma ranar awo yana kan gaba a layi, kuma ya san sunan uwarsa sarai. Ga yaro ɗaya tak, ba biyu ba, domin ba uwar da ke da ɗan fari biyu.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne gyaɗa kan da na yi. Biyar ɗin ta yi mini daidai a kunne.

Laraba, 30 ga Yuli

Wannan ba saƙon da za a bai wa Fatihu ba ne. Zai taƙaita shi ya lalata. Na kira ta da kaina. Ta ɗauka a firgice tana tambaya ko lafiya, domin ban saba ba.

Na ce ta kira mahaifiyarta ta tambaye ta 'ya'yanta nawa, sannan ta sake kirana. Ba a jima ba ta kira. Sai dariya, har tana tari.

"Baba, ashe ni ma ina cikin yaran da ba wanda ya haifa."

Na ce wannan ba maganar ilimi ba ce. Ta ce da Turanci ta fara tsara tambayoyin, aka mayar da su Hausa kalma da kalma, kuma ita da ta tashi a ɗakin Inna ya kamata a ce ta fi kowa sani. Sannan ta ce, a hankali, "Kai nawa ka rubuta?" Na ce layin ba shi da kyau.

Na gargaɗe ta cewa tsohuwa ɗaya mai tsinkar zogale ba samfuri ba ce. Zato ne kawai muke da shi. Sai an koma an gwada, kuma ƙuri'a ce za ta zaɓi gidajen, ba ita ba. Ta ce ta sani. Na san ta sani.

Lahadi, 3 ga Agusta

Yau Mika'ilu ya yi amfani, abin da ba kasafai ba. Mun zauna ƙarƙashin darbejiya muna neman yadda za a tambayi uwa ba tare da an tilasta mata keta kunya ba. Na kawo: "Shin adadin da kika ambata ya haɗa da ɗanki na farko?" Ya ce wannan tambayar alƙali ce, matar za ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Nasa shi ne: "Ban da waɗannan, akwai babbansu a wajen kaka?" Ba suna, ba "ɗanki", gyaɗa kai ma ya isa amsa. Na yi gardama kan cewa "babbansu" ba ta fayyace jinsi ba. Ya ce shi ya sa ta yi kyau.

Nasa aka aika. Na dai gyara masa waƙafi.

Asabar, 16 ga Agusta

Suna ta zagaye ƙauyuka, ita da ɗalibanta mata, cikin taɓo. A nan take kwana. Tana dawowa da yamma zaninta duk laka, ta zauna bakin zaure tana ba Hure labari da ƙarfi yadda zan ji. Wata a wani ƙauye wai ta ce, "Akwai wani can dai," tana nuna katanga da haɓa. Wata ta ce, "Ku tambayi uwar mijina, kayanta ne." Wata matashiya kuwa da ta yi sakandare ta faɗi sunan nata kai tsaye, har kakar ta jefe ta da mafici.

Na yi kamar karatu nake. Jaridar da ke hannuna ta makon jiya ce, na lura daga baya.

Alhamis, 28 ga Agusta

Sakamako. Cikin kowace goma ta iyayen da aka samu bambanci a wurinsu, kusan tara sun amsa cewa akwai babba. A cikin waɗanda lissafinsu ya daidaita tun farko kuwa, kusan babu wadda ta ƙara kowa. Ragowar ba a gano dalilinsu ba, kuma ta rubuta haka ƙarara, ba ta ɓoye ba. Wannan ragowar ta fi komai faranta mini rai. Bayanin da ya share komai tas, ni ban yarda da shi ba.

Ta aika wa farfesan yau. Gero ya fara fitar da kai.

Alhamis, 11 ga Satumba

Farfesan ya janye maganarsa, a rubuce. Ya ce a mayar da abin babi guda, domin duk mai ƙirga yara a ƙasar Hausa yana bukatar saninsa. Za ta gabatar a gaban malaman sashensu ranar Alhamis, ashirin da biyar ga wata. Ta ce wa Hure ta gaya mini ana barin 'yan uwa su shiga.

Na ce wa Hure ta gaya mata Allah ya ba da sa'a. Mu ba mu tashi mun ga uba yana zuwa taron ɗan fari ba. Ranar ɗaurin aurenta ma ƙanena ne ya tsaya, ni ina gona.

Hure ta ce, "Wa ya ce ka je?" Ba wanda ya ce.

Talata, 23 ga Satumba

An fara girbin gero. Idona na hagu yana ɗan yi mini hazo kwanan nan, kuma tabarau ɗin nan ya tsufa. Na ga ya dace in je Kano a duba shi. Ranar Alhamis ce ta fi mini sauƙi. Hure ta ce ba ta taɓa jin na yi kukan ido ba, ta kuma tambayi ko likitan ido ne ya ce a sa wa babbar riga sitaci. Mika'ilu ya ce shi ma nasa idon ya fara, zai raka ni. Na ce masa asibitin ba ya son surutu, kuma a baya za mu zauna.

Direban da ke zuwa Kano gobe zai tafi da kwali. Ya ce ba ya karɓar kaya sai da suna a jiki, saboda haka na rubuta, da manyan baƙaƙe. Abin da ke ciki:

Tumu na sabon gero, daga Hure.

Busasshen zogale da ƙuli-ƙuli, su ma daga Hure.

Takardun da aka bar mini, a jere bisa lamba, cikin sabon fayil.

Shafi biyu na gyare-gyare a kan jawabin da za ta gabatar, wanda ta turo ta wayar Fatihu. Ta yi amfani da "tabbatar" a wuri ɗaya.

Jan birona. Wanda zai fara duba aikin masu digiri yana bukatar mai kyau.

Gajeriyar takarda zuwa ga Sauda, cewa kada ta tanadi kujera a gaba, kuma idan wani ya tambaya, tana iya cewa mahaifinta ne.