Musayar Ɗan Azumi

Magariya, ranar Litinin, kakar 1958

Zuwa ga Kawu Maharazu a Dungas,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fatan kana lafiya, da Inna Ƙande da yara, an kuma gama shigar da gero. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a jikin buhun gyaɗa na koyi boko, ba a lakwal, makarantar Nasara, ba, kuma da zafi nake rubutawa.

Kawu, ɗanka Ɗan Azumi zai kashe ni. Ka tuna ni na zo har gida na roƙe ka shi, na sama masa aikin ɗaukar buhu a kamfanin gyaɗa, saboda Nasaran kamfanin yana son dogaye a ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando. Wasan da na kwatanta maka ne, mutum biyar-biyar, ana jefa balo cikin zoben ƙarfe a saman gungume. Ni ne kapiten. Da damina in yaron nan ya miƙe a gindin zobe sai ka ce raƙumi na cin ganye, ba mai kai masa. Har ƙungiyar gardi, dogaran Nasara, sun fara tsoronmu.

Yanzu fa? Kai a ƙasa. Hannu ɗaya na jan wando, ɗaya na tarar balo. Jiya muna wasa da gardi, na ba shi balo, ba kowa kusa da shi, zobe na bisa kansa. Kawu, wallahi sai ya durƙusa! Durƙuso irin na gaisuwa, da balo a cinya. Wani gardi ya zo ya ɗauka kamar an miƙa masa goro. Na tsaya baki buɗe, na manta ma ana wasa.

Me ban yi masa ba? Sababbin riguna da gajerun wanduna na sa Malam Maikano maɗinki ya ɗinka mana, ni na kai shi da kaina aka gwada shi. Dattijon kirki, har kujera nake ajiye masa a gindin gungume don girmamawa, ya ga aikin hannunsa. A gaban irin wannan mutum yake kunyata mu.

To ga magana. Kamfanin yana da sito a Matamai, da ƙungiya a can. Suna da wani Babarbare, Maina, gajere amma da wuta. Nasara ya ce in na yarda a yi musaya, Ɗan Azumi ya koma aiki can, Maina ya dawo nan. 'Yan wasa sun rabu biyu, masu cewa a ƙara masa lokaci da masu cewa ya tafi. Wasanmu da Matamai na Bonane, bikin sabuwar shekarar Nasara, na tafe, ni kuwa ba zan sha kunya ba.

Na sanar da kai don kai ne uba. A gaida mutan gida.

Ɗanka,
Hambali

*

Dungas, ranar Alhamis

Da sunan Allah. Daga Maharazu zuwa ga ɗan ƙanwata Hambali. Aminci ya tabbata a gare ka.

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso, an karanta mini. Muna lafiya, gero ya yi albarka, wake ne tsutsa ta taɓa.

Ban san wasan nan naku ba, ban kuma gane yadda baligai za su yi ta guje-guje da cinya a waje ba. Amma na san ƙanenka. Ba rago ba ne, ba shi da ciwo. Abin da nake so da kai shi ne kada ka bari ya bar Magariya a bana. Akwai dalili, lokacin faɗinsa bai yi ba. Ka sassauta masa. In da hali ka bar shi ya sa dogon wando. Kujerar nan kuma, dattijo yana da aikin yi a rumfarsa, kada ka riƙa wahalar da shi.

Ka rage zafi, Hambali. Mahaifiyarka ma haka take, Allah ya jiƙanta.

Wassalam.

*

Magariya, ranar Jumma'a

Kawu,

Ina gaisuwa. Na ga amsarka, na karanta, na sake karantawa, ban ga dalili a ciki ba. Dogon wando! Kawu, wasa ne, ba zuwa Idi ba. Ni na san ɗan fari ne, ko sunansa ba ka kamawa, amma ai sai ka gaya mini abin da ke damunsa.

Don girmanka na yi ƙoƙari. Na tsare shi a bayan sito na ce, "Kai dogon banza, aljani ne ko yunwa?" Ya ce, "Ba komi, Yaya." Na kai shi wurin wanzami aka yi masa ƙaho. Na saya masa kilishi. In mu kaɗai ne da safe, ya jefa ta shiga, ya jefa ta shiga. La'asar na yi, jama'a na taruwa, sai ya koma tunkiya.

Lahadin nan 'yan lakwal suka ci mu. Yara, Kawu, waɗanda ko gemu ba su fara ba! Raina ya ɓaci. Na kamo hannunsa na ja shi har gaban kujerar Malam Maikano, na ce, "Baba, don Allah dubi ƙaton nan. Dubi ƙafafu, dubi cinya, kai ka gwada su da hannunka. Ka yi masa faɗa, ni na gaji." Dattijon ya kau da kai, ya ce, "Allah ya kyauta," ya tashi ya tafi, takalminsa ɗaya a hannu. Ɗanka kuwa ya fizge ya ruga, ya tsallake dangar gidan likita kamar barewa. Ka ji mai cewa ba ya iya tsalle.

A ranar na je wurin Nasara na ce na yarda. Jiya kamiyo, babbar motar gyaɗa, ya tafi da shi Matamai, ya kawo Maina. Da zai hau ya dube ni kamar zai yi magana, na ce, "Faɗi mana," ya ce, "Sai wata rana, Yaya." Aiki ɗaya ne, albashi ɗaya, ba abin da ya rasa.

Ka yafe mini saɓa maka da na yi. A gaida Inna.

Hambali

*

Dungas, ranar Litinin

Daga Maharazu zuwa ga Hambali. Bayan sallama.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da mai karatu ya kai wurin da ka ja shi gaban dattijon, na ce ya tsaya. Innarka ta ɗora hannu a ka ta fita tsakar gida.

Yaro, Malam Maikano surukin ƙanenka ne. Tun ƙarshen damina muka aika neman 'yarsa Tabawa, aka karɓi goronmu. Shi ya roƙa a rufe maganar sai ya gama shawo kan 'yan'uwansa na Daura, waɗanda suke so a kai ta can. Ba a gaya maka ba saboda abin da ka ji da hantsi, kafin azahar yana kasuwa. Ni na ce a ɓoye maka.

Ka kai yaro gaban surukinsa, ka sa ya tuɓe aka zagaya masa igiyar gwaji a ƙugu. Ka dasa wa dattijo kujera a inda yaron zai yi tsalle bisa kansa da ɗan guntun wando. Shi ba ya iya ƙin zuwa kada a tambaye shi dalili, yaron ba ya iya ɗaga kai. Wane ɗan mutunci ne zai yi tsalle a gaban surukinsa? Da ya yi, ni da kaina zan zo in mare shi. Sannan ka tara jama'a ka ce dattijo ya dubi cinya.

Abin da ya fi wannan nauyi: sharaɗin Malam Maikano ɗaya ne. Tabawa ita kaɗai gare shi, ba za ta bar Magariya ba. Da wannan hujja yake ƙin mutan Daura. In ƙanenka ya zama ɗan Matamai, hujja ta faɗi, magana ta mutu.

Kai ka fitar da shi, kai za ka maido shi. Ban da abin ƙarawa.

Wassalam.

*

Magariya, ranar Asabar

Kawu,

Ina durƙushe ina gaisuwa. A tsaye na fara karanta takardarka, a zaune a ƙasa na gama. Maina ya ce, "Kapiten, mutuwa aka yi?" Na ce, "Tawa."

Suruki! Kawu, suruki! Sai yanzu na tuna dattijon nan bai taɓa kallon fili ba. Kullum idonsa na kan carbi, ni kuwa ina cewa tsoron Allah ne. Ran gwaji ma Ɗan Azumi na zufa, ni ina tsaye ina cewa, "Baba, ƙara ɗagewa, ya yi tsawo." Ni na faɗi haka. Da bakina.

Na je rumfarsa na cire takalmi tun daga bakin hanya. Yana taka keke bai tsaya ba. Na ce, "Baba, na zo neman gafara." Ya ce, "Ta rigar ko ta wandon?" Can ya ƙara da cewa, "Samari, kai ba mugu ba ne, ido ne ba ka da shi. Mutan Daura za su zo bayan Bonane. In sun tarar da yaron a garin nan, to. In ba su tarar ba, ni ba ni da bakin magana."

Na ruga wurin Nasara. Ya ce shi ba ruwansa, in Matamai sun yarda shi ma ya yarda. Na hau kamiyo na je. Kawu, ashe ɗanka ya zama sarki a can. Ba suruki, ba kujera. Yara na bin sa a hanya. Kapitensu Mutari ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Hambali, ka sayar da doki a kuɗin jaki, yanzu ka zo fansa? Riƙe Mainanka." Na roƙa, na zaga, na sake roƙo. Daga ƙarshe ya ce abu ɗaya zai karɓa: ni. In bar kapiten, in bar ɗakina da abokaina, in zo in ɗauki buhu a Matamai a ƙarƙashinsa, shi da na sha zagin uwar ƙungiyarsa a fili.

Ɗan Azumi na gefe, kai a ƙasa, ya ce, "Yaya, kada ka yi." Na ce, "Rufe mini baki, munafuki, da ka yi magana tun farko da duk wannan bai faru ba." Ya ce, "Ta yaya zan kama sunansa?"

Na yarda da sharaɗin, na dawo haɗa kayana. Gobe kamiyon da zai kai ni shi zai kawo Ɗan Azumi. Kujerar kuwa na mayar wa mai ita.

Hambali

*

Matamai, bayan Bonane

Kawu,

Gaisuwa. Na ji an sa rana, Allah ya sanya alheri.

Mun je Magariya wasa. Malam Maikano bai zo ba, an ce tun safe ya rufe rumfa ya tafi garin Bande gaida wani. Mutari ya ce ni zan tsare Ɗan Azumi tunda ni na san shi.

Ban san shi ba, Kawu. Ta bisa kaina ya yi ta wucewa, ina ganin tafin ƙafarsa. Duk wadda ya jefa sai ya sauko ya ce, "Yi haƙuri, Yaya," ya koma ya ƙara. Mutanen da na yi wa kapiten suna ta kiran sunansa. Sun ci mu cin da ba zan rubuta ba.

Ka gaya wa Inna zan zo biki. Ka kuma gaya wa ɗanka, ni ba surukinsa ba ne, amma ya riƙa ɗan durƙusawa.

Ɗanka,
Hambali