Sunan Da Na Kira Daga Saman Lilo

Zuwa ga 'yata ta fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da mai gidanki da sauran yaran, a can ƙasar sanyin da kuka je kuka maƙale. Mu nan Panshekara alhamdu lillahi, sai dai gwiwa da ta ɗaure ni a ɗaki. Daga gado sai bakin ƙofa, daga bakin ƙofa sai gado. Da hannuna na rubuta, da ɗan bokon yaƙi da jahilcina. 'Yarki Husna ce za ta kwafe a waya, ta ce wai har mutane za su gani. Su gani. Ni yanzu ba abin da nake ɓoyewa sai goro.

Husnar ce ma ta jawo wannan magana. Tun da kika turo min ita karatu ba ta da aiki sai cinye min dabino da kawo tsegumi. Ran nan tana matsa min ƙafa ta ce wai kin ce tun da kika zo duniya ba ki taɓa jin sunanki a bakina ba. Wai ƙannenki kowa ina kiransa, ke kuwa sai "ke", sai "waccan". Ta ce kin faɗa kina dariya, amma ita ta ga idonki. Na ce mata uwarki uwar mantuwa ce, miƙo min biro.

Ban musa ba. Ke 'yar fari ce, a inda na tashi uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Babanku kuma ya ƙara min ɗauri, ya sa miki sunan mahaifiyarsa, wadda muke ce wa Iya. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Mutanen gida suna ce miki Ummi, ni ko Ummin ma sai na rasa yadda zan yi. Amma na taɓa kiran sunan, kuma rabin ma'aikatan masaƙar Sharaɗa shaida ne.

Kin tuna shekarar da masaƙar su Babanku ta kai iyalan ma'aikata filin wasa? Lokacin ba ki daɗe da shiga firamare ba. Zamanin ne da jiniyar kamfani ke tashinmu kafin zakara, Babanku ya dawo da auduga a gashin gira. An rufe masaƙa hutun ƙarshen shekara, aka ce kowa ya kawo iyalinsa, za a kwashe mu a motoci zuwa wani fili da wasu Kwarori suka kafa can bayan Bompai, mai lilo iri-iri da kantuna da gidan abinci.

Kafin ranar aka ba Babanku yadi, irin wanda fenti ya ɗan zame ba zai shiga kasuwa ba. Kore ne mai zanen kifi. Ni na ɗauka mu kaɗai aka ba. Na aika wa tela, har da jan kunne kada ya nuna wa kowa. Da muka isa bakin mota sai na tarar kaf Panshekara da Ɗorayi sun zama kifi. Maza kifi, mata kifi, jarirai a goye kifi. Direba kaɗai ne mutum.

Ni a lokacin sai in yi wata ban leƙa zaure ba. Na kwana ina cewa gobe zan sha iska. Da safe sai ga Iya ta yafa mayafi, ta ce ai ita ta haifi mai aikin, da ita za a. Aka bar ƙaninki wurin maƙwabta, aka cusa ni tsakanin Iya da tagar da ba ta buɗuwa. Haka na ratsa birnin Kano ina kallon ƙeyar wata mata.

Muka fara da kantuna. 'Yar tsana mai rufe ido, tabarau na roba, takalma masu ƙyalli, filas mai fure. Filas ɗin nan na so shi har cikin raina. Amma duk abin da na ɗaga sai Iya ta yi gyaran murya, in ajiye kamar ya ƙona ni. Ita kuwa ta sa mai kanti ya sauke kaya har ya yi gumi, ta taya kowanne, ta kushe kowanne, ta ce "Mu dai mun zo kallo ne, ɗan nan, Allah ya ba da kasuwa."

Ke kika kafe a gaban mai balan-balan, kika nuna ja, irin mai tashi sama da kansa. Iya ta dubi Babanku ta ce "Iska za ka saya? Iskar da Allah ya ba mu kyauta?" Kika buɗe baki za ki fara. Nan take ta juya ta ce "Kai kuma ka tsaya kallon me, saya wa takwarata." Na so in ɗaura miki zaren a wuyan hannu kada ya tsere. Amma a gaban Iya ina ni ina nuna na damu da ke? Na kau da kai, kika riƙe abinki da kanki.

Sai gidan abinci. A nan ne na san an fito da ni daga ɗaki an sa ni a wanda ya fi shi ƙunci. Tebur ɗaya, kujeru kewaye, Iya a gabana ido cikin ido. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa kai loma baki a gabanta ba. Aka ajiye min shinkafa da cinyar kaza da soyayyen dankali, da cokali mai yatsu, da wuƙa, kamar za mu yi fiɗa. Babanku yana ta fama da cokalinsa don kada manyan ofis su ga ƙauyancinsa, shinkafa tana zubewa ta tsakanin yatsun. Iya ta ture nata ta wanke hannu da lemon kwalba, ta ce ita ba ta ci da abin tsifar kai.

Ni tun asuba ko koko ban sha ba. Cikina yana kuka, ina cewa na ƙoshi. Ke kuma da bakinki kamar lasifika kika ce wa mai kawo abinci "Inna ba ta ci a gaban Iya, sai ta koma ɗaki take cinye komai." Teburin kusa suka kwashe da dariya. Wallahi da za a iya shiga kwalbar lemo da na shiga. Da Iya ta juya neman tsinken sakace, na zare cinyar kazar nan na naɗe a hankici na cusa a ƙugun zani. Na ɗauka ba wanda ya gani.

Daga nan Iya ta hango babban lilon. Kin san shi, mai kama da ƙafar keke, da kwanduna rataye, yana juyawa a hankali har ya kai mutum sama da bishiyoyi. Ta ce sai ta hau ta ga Dala daga sama, ta kuma ga bututun hayaƙin da ɗanta ke aiki a ƙarƙashinsa. Babanku ya ce in raka ta. Ke kika ce tsoro kike ji, kika tsaya wurinsa. Mai lilo ya zaunar da mu, ya ja ƙarfe ya rufe, ya sa sakata ta waje.

Muna kaiwa ƙololuwa aka ɗauke wuta.

Kiɗan da ke tashi a lasifika ya mutu. Lilo ya yi ƙara ya tsaya. Kwandonmu yana ta reto, ƙasa can nesa, mutane kamar an watsa gero. Iya ta kama cinyata da hannu ɗaya, ɗayan yana jan carbi. Ba sauka, ba motsi, ba ko damar juya baya. Ni da surukata a cikin kwando, gwiwa na gugar gwiwa, ga ƙamshin kaza yana tashi daga ƙuguna.

Daga can na ga Babanku ya tsayar da ke jikin wani ƙarfe, ya nuna miki da yatsa ki tsaya nan, ya nufi rumfar janareta. Kin san halinsa, in inji ya tsaya a ko'ina sai ya ga kamar shi aka kira. Ba na iya gane fuska daga wurin, duk yara kifi ne. Jan balan-balan ɗin nan kawai nake bi da ido.

Sai na ga jan ya motsa. Wani mutum ya gifta, dogo kamar Babanku, riga iri ɗaya, hula iri ɗaya. Kika bi shi. Har kika kama gefen rigarsa, shi bai ma sani ba. Ya nufi babbar ƙofa, inda motocin wasu kamfanonin ke ɗiban mutanensu, bayan su kuma titi ne da manyan motoci ke wucewa ba sa kallon ƙasa. In kika shiga motar ma'aikatan Challawa ko ta wani wuri, a cikin yaran da duk kayansu ɗaya, wa zai ce ga tawa?

Na ce "Ke." Iska ta ɗauke. Na ɗaga murya na ce "Ke yarinya." Yara kusan duk filin suka ɗaga kai, ban da ke. Na runtse ido na ce "Ummi." Ashe kowane gida da Umminsa, wasu suka waiwayo, har da wata mai goyo. Ke kina ta tafiya. Iya idonta a rufe, ba ta san abin da ake ciki ba. Na ja ƙarfen kwandon, sakata tana waje. Na dubi ƙasa, na ga ko na yi tsalle ba zan iso ki ba sai dai a kwashe ni.

Sunan yana nan a maƙogwarona kamar ƙashin kifi. Mai sunan tana manne da ni. Ke kuma saura kaɗan ki fita ƙofa.

Na san akwai kira ɗaya da ba kya ƙi, wanda malamar aji ke yi da safe, sunanki na yanka haɗe da na ubanki. Wato sunan surukata da sunan mijina, a numfashi ɗaya, a gaban duniya. Na miƙe tsaye a cikin kwando, mayafi ya zame, na buɗe murya irin wadda ban san ina da ita ba, na kira.

Filin ya yi tsit. Kika tsaya cak, kika haɗe ƙafafu, kika ɗaga hannu sama kamar a aji. Zaren ya suɓuce. Balan-balan ya taso, ya zo ya wuce ta gefen kwandonmu har na kusa taɓa shi. Mutumin ya waiwaya ya ga 'yar wani riƙe da rigarsa. Babanku ya fito daga rumfar janareta da baƙin mai a hannu yana neman wanda ya kira shi, ya ga inda nake nunawa, ya zura da gudu. Sai da na ga ya ɗaga ki sama sannan na koma na zauna a kujera.

Daga nan ne kunyar ta iso. Na ja mayafi na rufe fuska, ina jiran abin da zai biyo baya. Ba inda zan gudu. Sai Iya a hankali ta ce "Na'am."

Na ƙara dunƙulewa. Ta ce "Tun rasuwar Malam mai gidana ba wanda ya kira ni da shi. Ashe yana nan da daɗinsa." Can kuma ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce "Fito da kazar nan, ƙamshinta ya hana ni lissafin carbi."

Haka muka raba cinyar kaza a sama, ni da Iya, muna kallon hayaƙin Bompai, ina ci ina hawaye, ita tana cewa gishirin bai ji ba. Sai da rana ta yi sanyi maza suka taru suka juya lilon da hannu, aka riƙa sauke mu kwando kwando. Da na taka ƙasa na so in rungume ki. Mutane suna kallo, sai na ce "Ke, ina takalminki ɗaya?" Abin da kika riƙe a ranki ke nan, na sani. Kin yi ta kukan balan-balan har gida. Babanku kuwa da muka shiga ɗaki sai ya ce "Ashe dai kin san sunana."

Yanzu Iya ta tafi, Babanku ya tafi, Allah ya jiƙansu. Masaƙar ma an rufe, Husna ta ce ciyawa ce a bakin ƙofarta. Ni ce dai har yau a cikin kwando, sai dai wannan na katifa ne, sakatarsa kuma a gwiwata take. Daga nan nake hango ki. Kin sake kama rigar wani dogon mutum kin bi shi, kin fita ƙofa, kin yi nisa. Ba na ce mijinki ya yi laifi ba, yaron kirki ne, ko da yake hularsa ba ta taɓa zama daidai ba. Amma salla ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ina cewa a waya "ke, yaushe za ku zo," kina cewa sai an ga hali. Ashe kiran ne ba ya isa.

Allah ya tsare min ke a inda kike. Ya raya miki zuriya, ya ba ki masu jin ƙanki kamar yadda kike jin ƙaina ko da kina fushi. Ya sa in ga fuskarki kafin a sauke ni daga wannan lilon. Amin.

Na sa Husna ta fita tsakar gida, don ba zan iya rubuta wannan tana kallona ba. Kada ki yi min dariyar rubutu.

Rakiya. Tsaya nan inda kike, ki waiwayo.

Ni ce,
Innarki, Panshekara.