Maganar da ta Rage wa Mama

Zuwa ga yayana Dehai,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka a Lima. Kullum ina yi muku addu'ar lafiya da albarkar kasuwa. Mu nan Zigong muna nan dai. Maigidana Guoping ya koma aiki, 'yarmu Xiaoyu tana makaranta, ƙanin Baba kuma ƙafarsa ta yi sauƙi.

Yaya, a waya nakan ce maka Mama tana samun sauƙi, domin tana kusa tana ji. A takarda zan faɗa maka gaskiya. Tun da ɓarin jikinta ya shanye, magana ɗaya ce ta rage a bakinta: "Yau gari ya yi kyau." Da ita take neman ruwa, da ita take kiran sunana. Matar da in tana ciniki a kasuwa ake jiyo ta daga bakin gada! Likita ya ce hankalinta garau yake, tana gane komai, sauran kalmomin ne ba sa fitowa, kuma kada mu sa rai.

Ka san garinmu da hadari. In rana ta leƙo, kowa sai ya fito da kujera da shayi, ba a gaisawa da komai sai kyan gari. Ran nan aka sami irin wannan ranar, na naɗe ta da bargo, na sa mata jakar ruwan zafi a cinya, na tura ta a keken marasa lafiya zuwa gindin bishiya wurin ƙawayenta 'yan wasan majiyang, mai kama da karta. Ta faɗi maganarta, suka amsa da murna. Goggo Pang har da tsokana, wai, "Ke tsohuwar banza, yau dai kin faɗi gaskiya! Taso in cinye ki kamar da." Aka yi ta dariya. Mama ta yi ta maimaitawa, tana ɗaga murya, idonta na hawaye. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sosai kuwa, Inna, a sha rana." Ni ma haka na amsa mata, na ce hasken ne ya dami idonta.

Sai da muka koma gida na ɗaga bargon. Ashe murfin jakar ya kwance, ruwan ya yi ta tsiyaya a cinyarta mai lafiya, fata ta saluɓe. Duk yinin nan ihu take yi mana, muna taya ta yabon rana. Har yau ciwon bai rufe ba.

Tun ranar ba na iya barin ta. In ta buɗe baki sai in hau duba jikinta daga kai har tafin ƙafa, tana kallona, ni ban san abin da nake nema ba. Na bar aikina. Guoping ya kawo maganar gidan kula da tsofaffi, ban ga laifinsa ba, shi ma ya gaji. Amma can wa zai ɗaga bargo?

Ba aiken kuɗi nake nema ba, Yaya. Ka zo. Kai ne tun muna yara kake gane fushinta kafin ta yi magana. Wataƙila ka ji abin da ni na kasa ji. Ka zo kafin sanyi ya yi tsanani, don ƙarfina ya kusa ƙarewa.

Ka gaishe min da matarka Lihua, da Junjie da ƙanwarsa Rosa. Guoping da Xiaoyu suna gaishe ku.

Ƙanwarka,
Shufen