Ni Ban Haifi Wannan Ba

Litinin, 21 ga Yuli, 2008

Jiya na sauka Guangzhou. Kwana talatin kacal suka ba ni a biza saboda wasannin Olamfik da za su yi. Ranar 19 ga Agusta dole in bar musu ƙasarsu. Abu biyu ne ya kawo ni: takalman 'yan makaranta na watan Satumba, da kuma in tasa Mai Gita gaba zuwa Kano kafin ya ƙarasa zubar mana da ɗan mutuncin da ya rage.

Mai Gita nake ce masa. Ɗan fari ne, ban taɓa kama sunansa ba, ba kuwa a takarda zan fara ba. Inna ce ta raine shi, shi ya sa yake ce mini Yaya. Shekara bakwai ke nan da muka turo shi karatun injiniya. Ya ajiye littafi, ya haɗa ƙungiyar kiɗa irin ta Turawa, mai gita da ihu. Wai Kwalta sunanta.

A ɗakin Rabi na sauka, a unguwar Dengfeng. Ita ma takalmi take saye, gara mu zauna tare.

Laraba, 23 ga Yuli

Bai zo ba. Ya san na iso.

Juma'a, 25 ga Yuli

Wani ya zo a madadinsa. Issa, ɗan Maradi, shi ke kaɗa babbar gitar nan mai ƙugi a ƙungiyar. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, na ga dai shi yana da iyaye. Ya ajiye mini faifai uku a kan tabarma.

“Hajiya, ki saurara bi da bi. Abin da ban iya hwaɗi miki da baki, yana ciki.”

Na ce masa ni ba na sauraren kiɗan shaiɗanu. Ya ce to. Ya bar su ya tafi.

Asabar, 26 ga Yuli

Na je kasuwar takalma ta Zhanxi tun da safe. Laoban, wato mai shagon da nake sayen kaya wurinsa, ya ce baƙin tafin takalmi meyo, wai babu ke nan da yarensu, sai mako mai zuwa. Kullum sai mako mai zuwa.

Da la'asar Rabi ta fita, na saka faifai na farko a rediyonta. Ba don daɗi ba. Wanda zai yanke hukunci ya kamata ya ga kaya.

Na 2004 ne. Hayaniya zalla, kamar maƙera sun yi faɗa da 'yan tasha. Gita na kururuwa, wani ɗan Sin mai suna A Long yana dukan ganguna kamar ya kama ɓarawo. Sun cusa kalangu a ciki, ko daga ina suka samo shi oho. Amma muryar tana da ƙarfi, kowane harafi yana fita. Muryar ce dai da ta yi ta ɗaya a musabaƙar Islamiyyarmu yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Malaminsu ya ce za a yi alaramma. Ga alaramman yana yi wa 'yan giya waƙar jirgin ƙasa.

Allah ya ba shi murya, ya kai ta kasuwar banza.

Talata, 29 ga Yuli

Yau ya zo. Da a hanya muka haɗu da na wuce shi. Wuya kamar na zalɓe, wando na zamewa daga ƙugu, hanci na yoyo. Ya zauna nesa ya ce, “Yaya, sannu da hanya. Ya Inna?”

Na ce Inna tana nan tana jiran gawarka, tunda kai ka ƙi zuwa da ƙafarka.

A cikin sa'a ɗaya sau biyar ya shiga banɗaki. Na ƙirga. Yana fitowa yana dafe mara. Na tambaye shi fasfo, ya ce ya ɓata tun bara. Bizar karatu kuwa ta mutu shekara biyu da suka wuce. Na ce masa ranar Litinin za mu nemi takardar tafiya, ranar 18 mu hau jirgi.

Ya ce, “Akwai wasan da za mu yi a watan tara, na sabon faifai.”

Na ce wa zai zo kallon ƙwarangwal?

Ya yi dariya. Haƙoransa biyu babu. Rabi ta zuba masa shinkafa, ya ci loma uku ya ture. Bayan ya tafi na sa ta wanke kwanon da ruwan zafi. Ta dube ni, ta wanke.

Alhamis, 31 ga Yuli

Faifai na biyu, na 2006. Waƙa biyar ce kawai, kowace kamar tafiyar Kano zuwa Zariya a akori-kura. Babu kalangu. Gitar tana ja, muryar tana ja, kalma ɗaya sai ya shekara a kanta, kamar mai magana da tuwo a baki.

Issa ya zo da rana, na tambaye shi me ya same su suka koma kiɗan makoki. Ya sunkuyar da kai. Ya ce a lokacin ne Mai Gita ya fara shan maganin tari, kwalba uku, kwalba huɗu a yini. Hannunsa ya daina gudu a kan gita, dole kowa ya rage gudu ya jira shi.

“Abin mamaki, Hajiya, shi ne faifan da ya hi karɓuwa. Ɗaliban jami'a sunka ce akwai zurfin tunani. Har wata mujalla ta rubuta wai kewar hamada ce.”

Kewar hamada. Yaron da aka haifa a Fagge, ko raƙumi bai taɓa hawa ba. Kwalba ce ke waƙa, su suna tafa mata.

Asabar, 2 ga Agusta

'Yan sanda sun cika unguwa, gida gida suna duba fasfo. Sun ɗauke mutum huɗu a benenmu. Rabi tana tausaya musu. Ni na ce wanda ya zauna a ƙasar mutane bayan an ce ya tafi, ɓarawon zama ne, abin da ya same shi shi ya saya.

Litinin, 4 ga Agusta

Bai zo ba. Na jira a bakin tashar jirgin ƙasa har azahar da mayafina a wannan zafin. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Laraba, 6 ga Agusta

Na uku. Na bana ne, ko ledarsa ba a cire ba. Waƙa goma sha huɗu, babu wadda ta kai minti biyu. Babu ganga ta gaskiya, sai wani ƙis-ƙis na inji kamar famfo na ɗiga a bokiti. Muryar an lulluɓe ta da na'ura, ta koma kamar ta aljani a cikin tulu.

Na kira Issa a waya. Ya ce gidajen rawa sun daina son gita, kiɗan kwamfuta ake yayi, dole suka bi. A Long ya gaji da jira ya koma garinsu, sai suka sa inji a gurbinsa. Shi kuma Mai Gita ya bar maganin tari ya koma wani farin gari da ake shaƙa, K suke ce masa. Shi ne ya cinye masa mafitsara.

Na ce to me ya sa waƙoƙin suka gajarce?

Ya ce, “Iyakar abin da yake iya tsayawa ke nan gaban makirfo kahin ya ruga banɗaki. Mutane na cewa sabon salo ne.”

Gitar da ke ciki ma duk Issa ne ya kaɗa. Sunan wancan kawai aka rubuta a bango.

Na yi dariya har Rabi ta leƙo. Na ce mata zo ki ji faifan da fitsari ya tsara. Ta ce, “Hajiya, ki ji tsoron Allah.” Na ce shi ya kamata a gaya wa.

Juma'a, 8 ga Agusta

Yau suke buɗe wasanninsu. Kowane shago talabijin a kunne. Tafin takalmi har yanzu meyo.

Litinin, 11 ga Agusta

'Yan sanda sun kama Mai Gita da hantsi a kan gadar masu tafiya da ƙafa. Babu fasfo, kuma sun gwada fitsarinsa. Issa ya zo yana haki. Ya ce akwai hanya ɗaya: tunda ba shi da lafiya, idan mahaifi ko mahaifiya ta zo ta tabbatar da shi ta sa hannu, za su iya damƙa mata shi ta fita da shi daga ƙasar cikin 'yan kwanaki. In babu, za a tsare shi har sai an gano ko shi wane ne.

Na ce sai gobe. Ya kwana ɗaya ya ji yadda ƙasa take.

Talata, 12 ga Agusta

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari.

Ofishin 'yan sandan ɗaki ne fari, da tebur, da fanka. Ɗan sanda mai gilashi, da wata yarinya 'yar Sin mai fassara da Turanci. Issa a bayana. Suka shigo da shi ba takalmi, wandonsa a jiƙe ta gaba. A jiƙe, a gaban mutane. Wari ya cika ɗakin.

Sunan da ke fasfona na mahaifina ne, nasa kuwa na kakansa na wajen uba, ba abin da ya haɗa mu a takarda. Yarinyar ta nuna shi ta ce, wannan ɗanki ne? Faɗi cikakken sunansa.

Shekara ashirin da bakwai duk wanda ya yi mini wannan tambayar amsa ɗaya nake ba shi. A gidan suna, a gidan biki, a asibiti. In kawar da kai in ce ni ban haifi wannan ba, ɗan Inna ne. Sai mata su yi dariya su ce kunyar ɗan fari, a wuce wurin. Haka uwata ta yi wa yayanmu, haka tata uwar ta yi.

Na kawar da kai na ce, da Turancina na sakandare mai kyau, ni ban haifi wannan ba.

Ba wanda ya yi dariya. Ɗan sandan ya rubuta.

Issa ya yi ta bayani, Faransanci yana shiga Sinanci, wai al'ada ce, wai uwarsa ce wallahi. Ɗan sandan ya ɗaga masa hannu. Ya sa aka sake tambayata. Na buɗe baki, na dubi wandon nan, na rufe. Aka miƙo takarda na sa hannu.

Suka kama hannunsa za su fita da shi. Ya juyo ya ce, “Ba komai, Yaya. Ki gaida Inna.”

A waje Issa ya ce mini, “Hajiya, nan ba Kano ba ne.” Na ce na san inda nake, kada ya koya mini tarbiyya, shi da ya kaɗa wa abokinsa gita har kabari.

Laraba, 13 ga Agusta

Al'ada ce. Kowa ya san al'ada ce.

Juma'a, 15 ga Agusta

Rabi ta daina ci tare da ni. Yau ta ce, “A tambaya ta farko kunya ce, na yarda. Ta biyun fa?” Na ce ta bari sai ta haifi nata ta ga ya tsaya a gaban arna da fitsari a wando. Na san ba ta taɓa haihuwa ba. Na faɗa ina sane. Ta ɗauki jakarta ta koma ɗakin 'yan Yamai a bene na huɗu.

Inna ta kira. Na ce mata yana lafiya, aiki ya yi masa yawa.

Takalma sun kammala. Na duba kwali arba'in ɗaya bayan ɗaya, babu aibu ko ɗaya.

Lahadi, 17 ga Agusta

Rabi ta bar rediyonta. Na sake saka na ukun, don in tabbatar da muninsa. A waƙa ta ƙarshe injin yana tsayawa, su ba su yanke ba. Ana jin numfashinsa, sai tari sau biyu, sai ya ce da Hausa, a hankali, ba da waƙa ba, “Issa, tsaya, ina zuwa.” Sai ƙarar ƙofa. Faifan ya ci gaba da juyawa kusan minti ɗaya ba kowa. A haka suka sayar wa mutane.

Sakarci ne da rashin iya aiki. Sau shida na mayar da wurin.

Litinin, 18 ga Agusta

Na koma ofishin tare da Issa. Na gaya wa yarinyar abin da suke so su ji, da sunan gaba ɗaya, har na kakansa. Bakina bai faɗi ƙasa ba. Ɗan sandan ya fito da takardar ranar Talata ya nuna mini sa hannuna. Ya ce yanzu magana biyu ce daga bakin mutum ɗaya, sai an kawo takardar haihuwa daga gida, an buga mata hatimi, an fassara. Mako uku, ko huɗu. An riga an mayar da shi wani wurin tsarewa a bayan gari. Ba a ganinsa. Ana karɓar kaya ranar Alhamis.

Jirgina na yau ne.

Alhamis, 21 ga Agusta

Kwantena ta tafi. Na sa a aiko da takardar daga Kano, tana cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadon Inna, dole aka gaya mata. Ba ta yi mini magana a wayar ba.

Bas biyu ake hawa zuwa wurin, sannan tafiyar ƙafa. Na kai wanduna shida masu roba a ƙugu, baƙaƙe, don ba sa nuna jiƙa. Mai gadi ya karɓi huɗu ya dawo mini da biyu, ban san dalili ba. Ya ba ni fom, akwai gurbin dangantaka. Na cika.

A hanyar dawowa na hango 'yan sanda a bakin gada, na bi ta lungun masu gyaran waya na zagaya. Akwai samfurin takalman Sallah da ban gama dubawa ba, ba zan bar wa Laoban ya zaɓa mini ba. Shi ya sa ban hau jirgin ba.

Ranar Alhamis mai zuwa in gwada kai biyun.